Wa ke biyan kuɗin hanyar babur ɗin ƙanƙara: Kebek ko Minesota?

A lardin Kebek na Kanada, mai hawan babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawa mai inji da ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, shi ne ke ɗaukar yawancin nauyin. Kafin ka hau hanyoyin FCMQ, wato tarayyar kulob-kulob ɗin mahaya wannan babur a lardin, masu tsawon kusan kilomita 33,000, sai ka sayi takardar izini, wadda inshora ke cikinta. Da kuɗin ne kulob-kulob na 'yan sa-kai ke sayen gas, su gyara manyan motocin da ke daddaɓe dusar ƙanƙara, galibi cikin dare, lokacin da sanyi ke sa ta kama jikinta. Gwamnati tana ƙara tallafi.

A Minesota ta Amurka kuwa, kuɗin yakan fara shiga asusun jiha ne: na rajistar babura da wani kaso na harajin mai. Daga nan hukumar albarkatun ƙasa ta raba wa ƙananan hukumomi, su miƙa wa kulob-kulob masu kula da mafi yawan hanyoyin jihar, waɗanda suka haura mil 22,000.

Ni dai tsarin Kebek ya fi kwanta mini, duk da tsadar izinin, don wanda ya biya yana ganin inda kuɗinsa ya tafi. Matsalarsa shekarar da ƙanƙara ta yi rowa: masu saye su ja baya, bashin motoci kuma yana nan.