Gargaɗi ga masu neman sa wa tsohuwar mota injin zamani da kuɗi kaɗan

Jama'a, a yi hattara da masu tallan inji a intanet da ke cewa "komai na ciki, ɗaura kawai ka tayar". Tun da sha'awar ɗora injin zamani a kan motocin shekarun 1960 da 1970 ta yaɗu, 'yan damfara suka sami kasuwa. Wanda suka fi farauta shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ya tara ɗan abin da ya tara yana son motarsa ta rabu da kafireto ta koma nozul mai fesa fetur da kwamfuta. Sun san lissafinsa a matse yake, kuma sun san in ya ga araha ba zai tsaya dogon bincike ba.

Mafi sauƙin ganewa shi ne mai sayar da injin da babu shi. Hotunan na wani ne, an kwafo su daga tsohon talla. Farashin ya yi ƙasa da na kowa, sannan kullum akwai wani da "zai zo ya ɗauka gobe", don haka ka turo kafin alƙalami yanzu. Zai nace a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. In ka biya, sai wani "kamfanin dakon kaya" ya aiko saƙo yana neman kuɗin inshora ko na kwastan, alhali shi ɗin ne da wata lambar waya. Maganinsa bai da wuya. Ka saka hoton a manhajar binciken hoto ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Ka ce ya kira ka ta bidiyo yana tsaye gaban injin, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kai, ya haska maka lambar da ke jikin bulok. Mai kaya na gaskiya minti biyar zai yi ya gama. Maras kaya zai ce kyamararsa ta lalace, ko injin na wani sito mai nisa. Ba a cinikin biri a sama.

Wanda ya fi haɗari shi ne mai inji a hannu, amma ba injin da ya faɗa ba ne. Nan ne ko masu ɗan sani ke faɗawa.

Ɗauki injunan V8 na kamfanin General Motors (GM) da ake kira LS, waɗanda su ne aka fi ɗorawa saboda yawansu a wuraren kwance motoci. Mai lita 4.8 da mai lita 5.3 bulok ɗaya suke amfani da shi, faɗin silinda milimita 96 duka, har ma a jikin bulok ɗin ƙarfe za ka ga an zuba "4.8/5.3" tare. Bambancin yana ciki: tafiyar fistan a 4.8 milimita 83 ce, a 5.3 kuma 92. Da ido daga waje ba ka rabe su, shi ya sa ake sayar da ƙaramin da sunan babban. Cire fulogi ɗaya ka zura 'yar kyamarar duba silinda. Kan fistan na 4.8 a shafe yake, na 5.3 ɗin da aka fi samu, wato LM7, yana da ɗan kwarmi a tsakiya. Akwai wasu 5.3 masu shafaffen fistan, don haka in kana son tabbaci sai a kwance tiren baƙin mai na ƙasa a karanta lambar da ke jikin karanshaf. Ka kuma nemi lambar shasin motar da aka ciro injin, mai harufa da lambobi 17. A manyan motocin GM na farkon shekarun 2000, harafi na takwas shi ke faɗin injin: V na 4.8, T na 5.3, U na 6.0. Mai sayarwa da ya ce bai san daga wace mota injin ya fito ba, amma ya san "bai yi tafiya da yawa ba", ka tambaye shi a ina ya karanta kilomitar. Inji ba ya ɗauke da agogon tafiya a jikinsa.

Haka ake yi da injin 2JZ na Toyota. Akwai GE maras turbo, wato na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska, akwai GTE mai turbo biyu daga kamfani, kuma kuɗinsu ba kusa ba. Wasu sukan ɗaura wa GE turbo mai araha su ce GTE ne. GE yana matse iska 10:1 ko sama da haka, GTE kuwa 8.5:1, kuma GTE yana da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. In aka hura wa GE iska da yawa ba tare da an gyara kwamfutar ba, fistan ne zai biya bashin. Daga waje ma ana ganewa: bututun shigar iska na GE yana haurawa ta saman murfin inji, na GTE yana gefe guda.

To ko da sunan injin daidai ne, lafiyarsa fa? Injin da aka wanke tas aka fesa masa sabon fenti, abin tuhuma ne, domin wanki yana share shaidar inda mai ko ruwa ke yoyo. Gara a kawo shi da daudarsa. Kafin kuɗi su fita a yi waɗannan, a gabanka ko gaban bakaniken da kai ka zo da shi, ba wanda mai kaya ya kawo ba.

A cire fulogi duka a jera su bisa tsarin silinda. Wanda ya fito fari fes kamar an wanke shi alhali sauran sun yi ruwan ƙasa, ruwa na shiga wannan silindar, wato gaskit ya ƙone ko tof silinda ya tsage. A sa soket a notin karanshaf, a LS mai lamba 24 ne, a juya da hannu zagaye biyu cur. Ya kamata ya tafi sumul. In ya cije a wani wuri, akwai tsatsa a bangon silinda ko wani abu ya lanƙwashe. A haɗa kik da batir a auna matsin kowace silinda. Injin da ke ƙasa a sanyaye yakan nuna ƙasa da abin da zai nuna da zafi, saboda haka abin dubawa shi ne daidaito: kada tazarar mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kamar kashi 10 cikin ɗari, kuma silindar da ta kasa kai psi 100 (psi ma'aunin matsi ne) tana da matsala. Akwai wata dabara da ya kamata ka sani. Ana zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi kafin mai saye ya zo, man ya toshe gibin ringin da ya cinye, sai awo ya fito da kyau. Kyamara za ta nuna maka man kwance a kan fistan. Wanda ya fi wannan awon tona asiri shi ne a hura iska cikin silinda da bawul a rufe, a kasa kunne: in iska na fita ta bakin totur, bawul ɗin shiga ne, ta salansa, na fita ne, ta wurin zuba baƙin mai, ringi ne, in kumfa na tasowa ta hanyar ruwa, gaskit ne.

Sannan a kwance tiren ƙasa, a yanka tacen mai a buɗe takardar cikinsa a rana. Ƙyalli kamar garin tagulla ko azurfa alamar mital, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, ya fara cinyewa ne, kuma wannan injin yana dab da bugawa. Mai da ya koma kalar madara ya gauraya da ruwa. Mai sayarwa da ya hana a kwance tire, wanda noti kaɗan ne da gaskit ɗaya, ya san abin da ke ciki. A kuma buɗe soket biyu ko uku na wayarin, wato mahaɗan wayoyin injin, a duba. Busasshen laka ko koren tsatsa a kan fil ɗin na nufin ruwa ya shiga, wataƙila motar ta nutse a ambaliya, kuma irin wannan wayarin zai yi ta kawo matsalar da ba a gano tushenta.

In ka ga wurin lambar inji an goge shi da giranda, ko lambobin ba su zauna a layi ɗaya ba, tafi abinka. Mai yiwuwa kayan sata ne, kuma ranar da hukuma ta gano, a motarka za a same shi.

Yanzu maganar "komai na ciki". Injin zamani ba ya tashi shi kaɗai. Yana buƙatar kwamfutarsa, da wayarin da ba a datse ba, da na'urar auna iska, da sensar salansa, da koyil, da altaneta da maƙalansa. Masu kwance mota cikin gaggawa almakashi suke sa wa wayarin, sai a tura maka inji da guntayen wayoyi suna reto. Wasu kuma su haɗa maka kwamfutar wani inji daban. A LS akwai zubi biyu: na farko yana da faifan karanshaf mai haƙora 24, na baya mai 58, kuma kwamfutar ɗaya ba ta karanta ɗayan sai da na'urar juya sigina. Sensar karanshaf baƙa ta 24 ce, mai ruwan toka ta 58. In totur ɗin na lantarki ne ba na waya ba, dole fedar motar da aka kwance ta biyo, kuma a zubin farko har da ɗan akwatin da ke sarrafa totur. Ga kuma makullin hana sata da ke cikin kwamfuta. In ba a cire shi ba, injin zai tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya mutu, ka yi ta canja famfon mai a banza. Duk wanda ya ce maka "an riga an buɗe kwamfutar", ka ce ya tayar da injin da ita a gabanka.

Sabon wayarin mai arha da ake tallatawa a matsayin na kowace mota shi ma tarko ne. Wasu wayoyin alminiyam ne da aka shafa wa tagulla, suna zafi suna karyewa a wurin matsi. Kankare bakin waya ɗaya da wuƙa, in cikinta fari ne ka gane. Ana samun fil a ramin da ba nasa ba, kuma waya ɗaya mai wuta da ta shiga inda sigina ke bi ta isa ta ƙone kwamfuta. Nozul da famfon mai na jabu ma sun cika kasuwa, a kwali mai kama da na asali. Nozul ɗin da ke ba da mai ƙasa da ƙima yana sa silinda ta yi zafi har fistan ya narke, ba tare da direba ya ji komai ba sai aikin gama ya gama.

Sai masu gareji da ke yanka farashi ɗaya mai daɗi su ce "har ka tuƙa ta". Ka karɓi takardar lissafinsu ka duba abin da babu a ciki. Kafireto na aiki da matsin mai psi 4 zuwa 7, LS kuwa yana son 58. Ma'ana sabon famfo, sabon tiyo mai jure matsi, da tanki mai shinge a ciki, in ba haka ba mai zai gudu gefe a kwana injin ya shaƙe. Wanda ya bar tsohon tiyon roba da kilif na da a kan wannan matsin, gobara ya haɗa maka. Tiren baƙin mai na manyan motoci yana da zurfi, yakan bugi ƙarfen ƙasan tsohuwar mota ko sandar sitiyari, sai an sayi wani tare da bututun tsotson mai da ya dace da shi. Ga kujerun inji, ga mazaunin giya, ga yanke farfela da daidaita ta, ga lagireto da fanka, ga salansa. Kusurwar giya da ta bak aksil dole su yi daidai da juna, gwiwar farfela kuma ta yi aiki a tsakanin digiri 1 zuwa 3, in an kauce motar za ta riƙa karkarwa a gudu tana cin gwiwa. Birki kuwa shi aka fi mantawa: motar da aka ƙera da birkin ganga a ƙafa huɗu ba ta tsayar da ƙarfin da ya ninka nata. Lissafin da bai ambaci waɗannan ba, ko mai shi bai san aikin ba, ko yana jira ne sai ya kwance motar ta kasa fita daga garejinsa sannan ya fara kiranka da "an samu ƙarin abu".

Abin da ya fi ciwo a wannan harka shi ne ɓacewar tsohon injin. Za a ce maka ai tarkace ne, bari mu rage maka shi a kuɗin aiki. A tsofaffin motoci masu daraja, injin asali mai lambar da ta dace da shasi yana cikin abin da ke riƙe kimar motar, kuma wani lokaci shi ne ainihin abin da mai garejin ya hango. Ka ɗauki hoton lambarsa kafin ka miƙa makulli, ka kwashe shi da giyarsa da kafireto ranar da aka sauke su.

A rubuta yarjejeniya, a sa lambar injin da za a ɗora da jerin kayan da za a saya, kowanne da rasit. Biya ya zama mataki-mataki bayan ka gani da idonka: inji ya zauna, mai da wayarin sun kammala, ya tashi, an yi gwajin hanya. Ka nemi ganin mota biyu da ya gama, ka yi magana da masu su ba a gabansa ba. In harabar garejin cike take da motocin da aka kwance ƙura ta rufe su, tambayi tun yaushe kowacce take nan.

Kafin duk wannan, bincika dokar inda kake game da canjin inji. Wasu wurare sai an sauya lambar inji a takardun mota, kamfanin inshora ma sai an sanar da shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, motar da ke ƙarƙashin gwajin hayaƙi dole injin da aka ɗora mata ya kasance na shekararta ko sabo a kanta, da kayan tace hayaƙinsa cikakku. Mai gareji da ya ce "wannan ba matsala ba ce", ka ce ya rubuta a cikin yarjejeniyar ya sa hannu.