Sharhi: ɗan akwatin da ke ɗora na'ura mai waya a kan waifai na gida

Akwai na'urorin da suke aiki garau amma ba su san waifai ba: firintar ofis, tsohuwar talabijin mai shiga intanet, na'urar naɗar hotunan kyamarorin tsaro. Ramin kebul ɗin Ethernet kaɗai gare su a bayansu, rautar gida kuwa, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana can wani ɗaki. Soka musu ɗan abin kama waifai na USB ba ya magani, domin ba su da manhajar da za ta gane shi.

Abin da na gwada shi ne ƙaramar rauta irin ta matafiya, wadda ba ta cika tafin hannu ba. Rami ɗaya gare ta na kebul, tana cin wutar USB mai volt 5, kuma a zangon 2.4 GHz kawai take aiki. Aikinta a nan shi ne ta kama waifai kamar yadda wayar hannu ke kamawa, sannan ta miƙa shi ta kebul. Ita firinta ba ta ma san akwai waifai a tsakani ba, a ganinta a jikin rauta aka soka ta.

Saitin ba ya kai minti goma idan aka bi shi daidai. A kashe waifai na kwamfuta, a haɗa ta da akwatin ta kebul, a buɗe burauza a rubuta adireshin da ke kan takardar da aka manna a ƙarƙashinsa. A cikin jerin yanayin aiki a zaɓi Client, wasu kamfanoni kuma suna rubuta Bridge. Zai nuno sunayen waifai da ke kusa, a zaɓi na gida, a sa kalmar sirri, a bar shi ya sake tashi. Daga nan a zare kebul daga kwamfuta a soka wa firinta, a kashe ta a kunna don ta nemi sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen yanayi. Idan aka sa akwatin a yanayin WISP, intanet zai zo, talabijin za ta buɗe bidiyo, mutum ya ɗauka an gama. Amma akwatin ya kafa tasa ƙaramar hanyar sadarwa ke nan a cikin ta gida, yana raba nasa adireshin. Kwamfuta tana kan 192.168.1.20, firinta tana kan 192.168.0.100, sai a yi ta nema ba a ganin ta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buga shafin saitin sadarwa daga firinta, a duba ko rukunonin lamba uku na farko sun yi daidai da na kwamfuta. Idan kuwa adireshin ya fara da 169.254, firinta ba ta samu amsa daga rautar gida ba sam, to a koma kan kalmar sirri ko kan kebul. Firintar da aka taɓa kafe wa adireshi a wani wuri, sai an mayar da ita DHCP tukuna, wato saitin da take karɓar adireshi daga rauta kai tsaye.

Wani abin da ke rikita mutane: da zarar akwatin ya koma Client, adireshin da aka shiga da shi da farko yakan daina buɗewa. Ba lalacewa ya yi ba. Sabon adireshinsa yana cikin jerin na'urorin da ke shafin rautar gida. In ya ƙi samuwa, a danne ɗan maɓallin Reset da tsinke na kimanin daƙiƙa goma a sake daga farko.

Batun gudu, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗi kowa. An rubuta 300 Mbps, amma ramin kebul ɗin na 100 ne, don haka ba yadda za a yi a wuce wannan, kuma a zahiri zangon 2.4 GHz mai cunkoso yakan ba da abin da ya gaza haka nesa ba kusa ba. Ga firinta wannan ya isa har da saura. Ga talabijin mai nuna bidiyon HD ma ya wadatar. Kwashe manyan fayiloli zuwa rumbun ajiya ne zai gajiyar da mutum. Mai wannan buƙata ya nemi akwati mai zangon 5 GHz da ramin gigabit. Kafe tashar rautar gida a kan 1, 6 ko 11, tashoshin da ba sa hawa kan juna, yana rage katsewa sosai.

Mazauninsa ya fi komai tasiri. Bayan talabijin ko cikin kabad na ƙarfe shi ne mafi munin wuri, kuma nan ne hannu ke fara kai shi saboda gajeren kebul ɗin da ke zuwa a kwali. Kebul ɗin Ethernet yana kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba, saboda haka a sayi mai mita uku ko biyar a ɗaga akwatin sama, inda ƙarfin sigina ya kai kamar -65 dBm (ma'aunin sigina ne, kuma lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi). Idan ya sauka zuwa -75, sai katse-katse. Wuta kuma a ba shi caja tasa. Ramin USB 2.0 na talabijin 500 mA yake bayarwa, wanda zai iya yi masa kaɗan, sannan a yawancin talabijin yana mutuwa idan an kashe ta, kullum sai an jira akwatin ya sake haɗuwa.

Babban raunin da na gani ba na wannan akwati kaɗai ba ne, daga tsarin waifai yake. Saƙon da na'ura ke aika wa rauta yana ɗauke da adireshin MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke zuwa da ita, guda uku ne kawai, babu gurbin na huɗu da zai nuna wadda ke bayan akwatin. Don haka akwatin yana sa nasa a madadin na firinta. Sakamakonsa, tayar da kwamfuta daga barci ta hanyar sadarwa yawanci ba ya aiki, keɓe wa firinta adireshi daga cikin rauta wani lokaci ya kama wani lokaci ya ƙi, kuma wayar hannu takan kasa gano firintar da kanta. Maganin da ya zauna shi ne a kafe adireshi a jikin firintar, a wajen jerin da rauta ke rabawa, sannan a ƙara ta a kwamfuta da lambar IP kai tsaye, ta ƙofa (port) ta 9100. Ƙara swici, wato na'ura mai ramukan kebul da yawa, don ɗora na'urori uku ko huɗu a bayansa yana yiwuwa a wasu akwatunan, amma a nan ne wannan raunin ke ƙara fitowa fili.

Abu biyu a duba a rautar gida tun kafin a saya. Idan an kulle ta a kan tsarin tsaron waifai na WPA3 zalla, akwati irin wannan ba zai shiga ba sai an mayar da ita WPA2 ko haɗakar biyun. Kuma kada a ɗora shi a kan waifai na baƙi, domin an yi shi ne don hana na'urori ganin juna. Mai kyamarar da ke shan wuta ta kebul ɗin Ethernet kuwa ya san cewa ramin akwatin ba ya ba da wuta, sai ya sa na'urar cusa wuta a kebul, wato PoE, a tsakaninsu.