Ruwa Ya Ɓata Gida: Ƙaramin Gyara da Babba a Gaban Hukuma

Idan ɓarnar ba ta wuce fenti, kafet ko tayil ba, a yawancin wurare ba a neman izini. A busar da ɗakin da wuri, don fumfuna kan kama cikin kwana biyu, sai a shiga aiki.

Amma in ruwan ya ci ginshiƙi, ya ruɓar da katakon rufi, ko ya shiga wayoyin lantarki, galibi sai an karɓi izinin hukumar kula da gine-gine, jami'inta ya duba aikin kafin a rufe bango. Jiran akwai ban haushi, gaskiya. Sai dai wanda ya tsallake shi ana iya cin sa tara, kamfanin inshora ya ƙi biya, maganar kuma ta sake tasowa ranar sayar da gidan.