Wace jakar goyo ta dace da yawo a kwazazzaban hamada?

Iyalin da ke shirin kwana a tanti da yawon ƙafa a kwazazzabai irin su Grand Canyon a Arizona ko Zion a Utah ta Amurka, abin ɗaukar jariri shi ne farkon abin da ya cancanci kuɗinsu. Keken jariri ba ya nisa a can, sai a 'yan hanyoyin da aka shimfiɗe kamar Pa'rus a Zion. Saura duk yashi ne da duwatsu da hawa.

Jaka iri biyu ce: mai laushi da ake ɗaurawa a ƙirji, da mai ƙarfe da ake goyawa a baya. Watannin yaro ne ke raba gardama. Wanda wuyansa bai yi ƙwari ba, bai fara zama da kansa ba, galibi kafin wata 6, ba a saka shi a mai ƙarfe. Mai laushi ce tasa, amma tana haɗa jiki da jiki, ga shi zafin rani a ƙasan Grand Canyon yakan haura digiri 40. A nemi mai raga, a fita da asuba, a riƙa taɓa ƙeyarsa. Idan ta jiƙe da gumi, a koma inuwa. Kafin wata 6 ba a shafa masa man kariya daga rana, ba a ba shi ruwa, sai nono akai-akai da hula mai faɗi.

Da zarar yaro ya zauna, ni dai mai ƙarfe nake ba da shawara, ko da ta fi tsada. Irin su Osprey Poco da Deuter Kid Comfort nauyinsu ya kai wajen kilo 3 babu komai ciki, kuma suna ɗaukar kusan kilo 22 har da kaya. Akwai rata tsakanin bayan mai goyo da jikin yaro, iska na wucewa, nauyin kuma a ƙugu yake sauka, kafaɗa ta huta. Rumfar kai ce abin dubawa sosai, don wasu jakunkuna daban ake sayar da ita, alhali inuwa tana da wuyar samu a hanyoyin nan. Aibin jaka mai ƙarfe shi ne kan yaro yana sama da naka, dutsen da ka sunkuya ka wuce zai iya buge shi, kuma ba ka ganin fuskarsa sai da ƙaramin madubi.

Dare a hamada da sanyi yake zuwa, don haka rigar barci mai zif ta fi bargon da zai iya rufe masa fuska.

Kafin a biya, a gwada jakar da nauyi a ciki, a tabbatar tsawon bayanta yana gyaruwa yadda uwa da uba za su riƙa karɓar juna. Hawowa daga kwazazzabo yakan ci ninkin lokacin da aka ɗauka wajen gangarawa.