Shagon Hotunan Al'ada a Titin Zoo

A makon jiya na ziyarci wani shagon masu ɗaukar hoton jarida da ke Titin Zoo a Kano, inda ake sayar da hotunan Hawan Daushe, da karofin Ƙofar Mata, da Dutsen Dala da hantsi. Wanda ya fi burge ni shi ne na mahaya suna jahi a Ƙofar Kudu, domin mai hoton ya kama ƙurar kofato da ƙyallin kayan doki ba tare da fuskokin mahayan sun dushe ba, abin da wayar hannu ba ta cika iyawa ba. Takardar da suke wanke hoto a kanta tana da kauri. Sai dai farashin ya yi tsada, kuma yawancin hotunan ba su ɗauke da shekarar da aka ɗauke su.