Mujallar muhalli ko ta tattalin arziki, ina za ka kai bincikenka?

Masu digiri na uku da aikinsu ya ratsa fannonin biyu sun dame ni da tambayar nan, to bari mu jera su.

Maganar sauri dai muhalli ta fi, takarda kan fito cikin watanni, su kuwa na tattalin arziki wallahi sai ka yi shekara biyu ko fiye kana gyara ana dawo maka da ita, shi ya sa suke fara sakin daftari a SSRN (shafin intanet da masu bincike ke saka daftarinsu) ko NBER (cibiyar binciken tattalin arziki ta Amurka) mutane su karanta kafin nan.

Wajen ambato ma, wato yawan masu kafa hujja da takardarka a nasu binciken, muhalli ce gaba, marubuta da yawa, takardu da yawa, ma'aunin h (mai auna yawan takardun mutum da yawan ambatonsu) da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 yana hawa da wuri. Dubi takardar Robert Costanza da abokansa a mujallar Nature ta 1997, wadda ta kiyasta amfanin da halittu ke yi wa duniya a kan dala tiriliyan 33 a shekara, har yau ambatonta ake. Amma fa a sashen tattalin arziki takarda ɗaya a manyan mujallunsu irin su Econometrica ko American Economic Review tana iya rinjayar goma a wani wuri, kuma yawanci bisa haruffa suke jera sunayen marubuta, ba wanda ya fi wahala ke zuwa farko ba, wannan kam yana min ciwo saboda ƙananan masu bincike.

In kana da bayanan fili da abokan aiki kuma lokaci ya matse ka, muhalli ta fi dacewa da kai. Mai neman kujera a sashen tattalin arziki kuma yana da haƙuri, ya bi nasu. Wanda ke tsakiya ga mujallar Ecological Economics nan, wadda ta haɗa fannonin biyu.