Gargaɗi kan jabun man birki da ake tallarsa a Sakkwato da sunan man motocin tsere

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na direbobi ne, da 'yan uwana kanikawa, da iyayen samarin da ke wasan mota a cikin garin Sakkwato da kewayensa. Tun ƙarshen damina akwai wani mutum da ke bin gareji-gareji da but ɗin mota cike da gwangwanayen man birki, yana kuma tallarsu a WhatsApp da Facebook. Abin da yake faɗa wa mutane shi ne, irin man da ake zuba wa motocin tseren Turai ne ya shigo da shi ta Kwatano, kuma wai duk wanda ya zuba shi sau ɗaya ya rabu da canjin man birki har motar ta tsufa. Ba shi da shago, ba ya ba da rasit, kuma kuɗin da yake yankawa bai kai rabin na man kirki ba.

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da ta shigo gidanmu. Ɗan ƙanwata, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Tambuwal, ya sayi gwangwani biyu aka juye masa a mota ba tare da ya shawarce ni ba. Bayan 'yan kwanaki sai ƙafar gaba ta fara riƙewa tana ɗaukar zafi, bai kula ba. Ranar da abin ya faru yana kan hanyar dawowa, ya wuce Bodinga da mutum shida a mota, shanu suka ratso titi, ya taka birki ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Da giya da birkin hannu ya samu ya tsaya a gefen hanya, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye rayukan bayinsa. Da aka jawo motar garejina, jikinsa na rawa ya ce mini, "Kawu, wallahi kamar soso na taka."

Na buɗe murfin tukunyar man, sai na tarar robar da ke ƙarƙashinsa ta kumbura ta yi laushi kamar fanken da ya kwana cikin mai, har ta ƙi komawa mazauninta. Na ɗebi ragowar man na ɗiga a kofin gilashi mai ruwa, ya taso sama ya kwanta kamar man gyaɗa a kan miya. A nan na tabbatar da cewa ba man birki ba ne ko kaɗan. Man birki na gaskiya, wanda aka rubuta wa DOT 3, DOT 4 ko DOT 5.1, daga sinadarin gilaikol ake yinsa, kuma yana gauraya da ruwa nan take. Abin da ke tasowa sama dangin man fetur ne, irin man sitiyari ko man jak, wanda ke kumbura robobin masta, wato famfon da ke tura man idan an taka birki, da na ƙafafu har su kasa riƙe matsi. Akwai DOT 5 na silikon da shi ma ba ya gauraya da ruwa, amma launinsa shunayya ne, wannan kuwa launin ruwan zuma ne da shi. Da na duba gwangwanin sosai, hatimin da ke bakinsa da gam aka manna shi, alamar tsohon gwangwani ne aka tsinto aka sake cikawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da man na gaskiya ne, alƙawarin da mutumin yake yi ƙarya ne tun daga tushe. Lambobin DOT daga ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka suka fito, kuma abin da suke aunawa shi ne zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 dole ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 ya kai 230, DOT 5.1 kuma 260. To amma man yana zuƙar damshi daga iska a hankali, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta sauko da adadin zuwa 140, da 155, da 180. Man da ya tafasa yana zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, shi ya sa direba zai taka birki ya ji babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Masu tseren mota na gaskiya suna sayen man da ke jure sama da digiri 300 yana sabo, domin a fagen tsere ana taka birki da ƙarfi a kowace kwana ba hutu, amma su ne kuma suka fi kowa yawan canza shi, da yawansu ma kafin kowace gasa sai sun fitar da tsohon sun zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Saboda haka wanda ya ce maka man tsere ba a canza shi, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana ɓoyewa, kuma ni na fi zaton na biyun.

Motar haya ko ta gida ba ta buƙatar man tsere. Abin da aka rubuta a kan murfin tukunyar shi ake zubawa, yawanci DOT 3 ko DOT 4, a kuma canza shi gaba ɗaya kamar duk shekara biyu, ba ciko kawai ba. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga lodi, ga doguwar tafiya, wannan ba abin sakaci ba ne. Samarinmu masu juyi da mota a wurin biki su ne suka fi ruɗuwa da kalmar "tsere", don haka ina roƙon iyaye su tambayi 'ya'yansu abin da suka zuba.

Duk wanda ya riga ya zuba man nan ya ajiye motar yau, kada ya ce bari in ƙarasa lodin gobe. Zubar da man kaɗai ba ya wadatarwa, domin robar da ta sha shi ba ta komawa daidai. A motar ɗan ƙanwata sai da muka canza masta, da robobin ƙafa huɗu, da tiyo-tiyon roba, muka wanke bututan ƙarfe, kuɗin gyaran ya ninka abin da ya yi zaton ya rage sau da yawa, araha dai ba ta ado. Kada kuma a jefar da gwangwanin, domin shi ne shaida idan za a kai ƙara ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya ko ga 'yan sanda, kuma ina shawartar kanikawa su riƙa huda kowane gwangwani da ya ƙare kafin su yar, don kada a tsince shi a sake cikawa.

Lambar wayar da ɗan ƙanwata ya saya ta hannunta a kashe take tun ranar da muka kira muka yi ƙorafi, amma wani abokin sana'a ya shaida mini cewa ya ga mutumin a makon jiya yana tallar kayan a wata tasha da sabuwar lamba. Gwangwani biyun da kumburarriyar robar suna nan a garejina ga duk bakaniken da ke son ya gani da idonsa.